Yadda Ake Bin Sawun Kalmar Turanci Har Tushenta: Mu Gwada da *Beaver*

Na daɗe ina aikin fassara daga Turanci zuwa Hausa, ina kuma koyar da masu tasowa a wannan sana'a. Duk sabon ɗalibin da ya zo hannuna, kalmar da nake fara ba shi ya gwada ƙarfinsa da ita ita ce *beaver*. Harafi shida ce kacal, amma a cikinta akwai dabba, akwai hula, akwai kwalkwalin yaƙi, akwai kuɗi, akwai gemu, akwai ɗan abin taɓawa, akwai kuma wata ma'anar da ba a faɗa a gaban surukai. Kuma ba uwa ɗaya ta haife su duka ba.

Abin da ya sa na ɗauki wannan darasi da muhimmanci shi ne wata ɗaliba da ta taɓa kawo mini fassararta ta wani yanki na wasan *Hamlet* na Shakespeare. A wurin, yarima yana tambayar abokinsa ko ya ga fuskar fatalwar mahaifinsa, abokin ya amsa masa da cewa *he wore his beaver up*. Ita kuwa ta rubuta, "ya ɗaga dabbarsa sama." Ta ce, "Malam, wallahi na duba ƙamus, abin da na gani ke nan." Gaskiya ta faɗa. Ta buɗe ƙamus, ta ɗauki ma'anar farko, ta rufe. Babu wanda ya taɓa nuna mata cewa a ƙasan wannan bayanin akwai wata kalmar dabam mai rubutu iri ɗaya. Ga hanyar da na koya mata, wadda kuma nake bi har yau.

Kayan aiki

Na farko, ƙamus mai kawo tarihi. Uban tafiya a nan shi ne babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitar da shi kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928, ake kuma ta sabunta shi har gobe. Amfaninsa shi ne kowace ma'ana yana kawo ta da jimlolin da aka tsinto daga tsofaffin rubuce-rubuce, kowace da shekararta. Sai an biya ake shiga na intanet, don haka ka tambaya a laburaren jami'a mafi kusa da kai. In ba ka samu ba, shafin Etymonline kyauta ne kuma ba ya cin data, Merriam-Webster ma yana kawo asali da shekarar da aka fara ganin kalma a rubuce. Wanda yake wurin da sabis ke wahala, ya sauke ƙamusun intanet na Wiktionary cikin manhajar Kiwix ranar da ya samu intanet mai ƙarfi, daga nan ya riƙa dubawa ba tare da data ba. Ka riƙe aƙalla guda biyu, domin shaida ɗaya ba ta yanke hukunci.

Na biyu, ƙamusun Hausa. Na Bargery na 1934 ba shi da na biyu wajen tsofaffin kalmomi da sunayen dabbobi da kayan yaƙi. Na Roxana Ma Newman na 1990 daga Turanci yake zuwa Hausa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuwa da shi za ka tabbatar da cewa kalmar da ka zaɓa tana nufin abin da kake zato.

Na uku, katuna. Ni kwalin sukari ko na ganyen shayi nake yankawa daidai tafin hannu, kamar guda ashirin. In babu, yage tsakiyar tsohon littafin rubutu. Ka haɗa da biro da fensir: biro na abin da ka tabbatar, fensir na abin da ake gardama a kai. Kada ka raina wannan bambanci, shi ne rabin aikin. Sai tabarma ko tebur mai faɗi inda za ka baza su.

1. Fara da jimlar, kafin ƙamus

Rubuta cikakkiyar jimlar da ka ci karo da kalmar a cikinta a kan kati na farko. A ƙasa ka amsa tambaya uku: wa ya rubuta, a wace shekara, a wace ƙasa? Jimlar ɗalibata an rubuta ta ne wajen shekarar 1600 a Ingila, kuma a bakin mutumin da ke siffanta sarki cikin shigar yaƙi. Da ta rubuta wannan tun farko, da zuciyarta ta ba ta cewa zancen dabba bai shigo ba. Ajiye katin a gefe, sai a ƙarshe za mu koma masa.

2. San abin da ido

Ba a bin asalin sunan abin da ba a sani ba. Wannan dabba ba ta rayuwa a Afirka ko kaɗan, shi ya sa Hausa ba ta da sunanta na gado. Nemi hotonta da ɗan bidiyo ka kalla da kyau.

Dangin su gyazbi da gafiya da beguwa ce, masu gaigaya da haƙoran gaba, sai dai ta fi gyazbi da gafiya girma nesa, domin babba takan kai kilo 20 har zuwa 30. Jelarta faffaɗa ce, a baje kamar matuƙin kwalekwale. Haƙoranta na gaba launin ruwan goro ne saboda sinadarin ƙarfe da ke jikinsu, kuma ba sa daina tsiro. Da su take kayar da itace, ta ja rassan ta datse rafi, ta yaɓe da laka, ruwa ya taru, ta gina ɗakinta a tsakiya da ƙofa ta ƙarƙashin ruwa. A gandun dajin Wood Buffalo na Kanada akwai madatsarsu da ta kai tsawon mita 850, wadda aka gano ta hoton tauraron ɗan'adam a 2007. Iri biyu ne a duniya, na Turai da Asiya, da na Arewacin Amurka.

Rubuta abu uku a kati: gashinta ruwan ƙasa ne, gashin yana da laushi da kauri, kuma ba ta gajiya da aiki. Za ka ga yadda kowane ɗaya daga cikin ukun nan ya haifi ma'ana.

3. Ƙirga kawunan kalma, sannan ka tara ma'anoni

Buɗe ƙamus, amma kada ka fara karanta bayani. Fara duba ko an rubuta kalmar fiye da sau ɗaya, da 'yar lamba a kafaɗarta ko a gabanta. Wannan lamba tana gaya maka cewa masu ƙamus suna ganin kalmomi ne dabam-dabam da suka yi tarayya a rubutu. Lambobin da ke cikin bayani ɗaya kuwa rassan kalma ɗaya ne. A waya sai ka ja shafin ƙasa sosai kafin ka ga kai na biyu, a nan ne mutane da yawa ke tsayawa su koma.

Yanzu kowace ma'ana ka ba ta katinta, kada ka haɗa biyu. Za ka tashi da wajen goma: dabbar, fatarta, hular da ake yi da gashinta, wani kakkauran yadin ulu, ma'aunin ciniki, mutum mai himma, duƙufa a kan aiki, makarin fuska na kwalkwali, mai gemu, ma'anar batsa. Ƙara kati ɗaya na *bever*, tsohuwar kalmar da akan ci karo da ita da rubutu irin na dabbar. A kusurwar kowane kati rubuta shekara ko ƙarnin da aka fara ganinta.

Hattara da wannan shekara. Ranar da aka fara samun kalma a takarda ce, ba ranar da aka fara faɗarta ba. Kalmar kasuwa da ta barikin soja sukan yi shekaru a baki kafin wani ya rubuta su.

4. Karanta layin asali daga yau zuwa baya

Layin asali a taƙaice ake rubuta shi. OE na nufin tsohon Turanci, na kafin wajen 1100. ME Turancin tsakiya ne, daga nan zuwa wajen 1500. OF tsohon Faransanci, L Latin. PIE kuwa shi ne kakan harsunan Turai da Farisa da arewacin Indiya, wanda babu wanda ya bar shi a rubuce. Duk kalmar da ka ga an sa mata tauraro a gaba, ba a taɓa samunta a takarda ba, masana ne suka gina ta ta hanyar kwatanta jikokinta. Kuskure ne ka rubuta "mutanen dā suna cewa kaza" a kan kalma mai tauraro. Ka ce "masana sun gina ta da siffar kaza."

A katin dabbar za ka ga haka: tsohon Turanci *beofor*, kuma harafin f a tsakanin wasula a wancan zamani da sautin v ake furta shi, don haka tazarar ba ta kai yadda ido ke gani ba. Jamusanci *Biber*, Holanci *bever*, Rashanci *bobr*, Latin *fiber*. Duka suna komawa ga wata kalma mai tauraro, *bhebhrus*, wadda ninki ce ta saiwar da ke nufin launin ruwan ƙasa, saiwar da ta ba Turanci *brown*. A harshen Sanskirit na tsohuwar Indiya, *babhru* na nufin ruwan ƙasa. Ninki ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, mu ma muna cewa ƙasa-ƙasa da ja-ja. Sanya wa dabba suna da launinta ma mun san shi, ga jangwada nan a kan katanga. Ashe sunan dabbar tun asali bai wuce "mai ruwan ƙasa" ba.

5. Gwada zumuncin, kada kama ta ruɗe ka

Kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya ce mini, "Malam, ai daga ɓera aka samo ta, ji yadda suka yi kama, kuma duka masu gaigaya ne." Ina jin daɗin wannan tunani domin alama ce kunne ya buɗe, amma ba daidai ba ne. Kama da wane ba ta wane. Hausa 'yar gidan harsunan Cadi ce, Turanci ɗan wani gida ne can dabam, kuma kalmar tana bakin Turawan Ingila tun kafin su san akwai ƙasar Hausa.

Hujjar zumunci ita ce canjin sauti ya maimaitu a kalmomi da yawa. Dubi *fiber* da *beaver*: ɗaya da f, ɗaya da b, ba su ma yi kama sosai ba. To nemi wasu. Ɗan'uwa a Latin *frater*, a Turanci *brother*. Ɗauka a Latin *fero*, a Turanci *bear*. Fure a Latin *flos*, a Turanci *bloom*. Duk inda kakan nan yake da bh a farkon kalma, Latin ya mayar da shi f, Turanci ya mayar da shi b. Wannan maimaituwa ita ce shaida. Ƙa'idata ita ce sai na samu misali uku kafin in ɗauki biro. Ƙasa da haka, fensir.

6. Raba katunan gida-gida

Baza su a tabarma, ka karanta asalin kowanne, ka tara masu tushe ɗaya wuri guda.

Gida na farko na dabbar ne, shi ya fi yawan 'ya'ya.

Gida na biyu kati ɗaya ne tak, na kwalkwali, kuma ba shi da haɗi da dabbar ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Daga tsohon Faransanci *baviere* ya fito, wato ƙyallen da ake ɗaura wa jariri a wuya don tare dalala, ita kuma daga *bave*, dalala ko yawu. Mayaƙan Turai suna da wani farantin ƙarfe da ke kare haɓa da baki da maƙogwaro, yana zaune daidai inda ƙyallen jariri ke zama, sai aka ara masa sunan. Kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 15. Da tafiya ta yi tafiya furucinta ya karkata ya haɗu da na dabbar, kuma zuwa zamanin Shakespeare har murfin fuska da ake ɗagawa a sauke ana kiransa da ita. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan sulke da 'yan lifidi ranar hawan sallah ya san yadda kwalkwali ke sauya kamannin mutum. Na Turawa har fuskar yake rufewa ruf, shi ya sa yariman ya yi tambayar da ya yi.

Gida na uku na *bever* ne, abin sha ko ɗan abin taɓawa tsakanin abinci da abinci, kamar wanda manoma ke tsayawa su ci a gona. Daga tsohon Faransanci *beivre* ta zo, daga Latin *bibere*, sha, kuma 'yar'uwar *beverage* ce, wato abin sha. Ta tsufa, sai a tsofaffin littattafai da karin harshen ƙauyukan Ingila.

In wannan ya ba ka mamaki, tuna da dala a Hausa. Dutsen Dala na Kano sunansa na gida ne, tarihin Kano ya ambace shi tun zamanin su Barbushe. Dalar da ake ƙirga kuɗi da ita kuwa, wadda a Nijar take nufin sefa biyar, baƙuwa ce, tushenta yana komawa ga tsabar azurfar *thaler* ta Turai, inda dalar Amurka ma ta samo sunanta. Ɗan gida da baƙo ne suka haɗu a masauki ɗaya.

7. Jera 'ya'yan gida ɗaya, ka nemo hanyar da ta haɗa su

Wannan ne matakin da na fi so, kuma shi ya fi cin lokaci. Ɗauki katunan gida na farko ka jera su bisa shekara. Tsakanin kowane biyu ka tambayi kanka: me ya faru a duniya da ya sa ma'ana ta tsallaka daga nan zuwa can? In ba ka iya amsawa da jimla ɗaya ba, ba ka gama ba.

Daga dabba zuwa fata, hanyar a fili take. Daga fata zuwa hula sai ka san sana'ar. Dabbar tana da gashi hawa biyu, dogo mai kaushi a sama, gajere mai laushi a ƙasa. Na ƙasan yana da 'yan ƙayoyi da ido ba ya gani, in aka aske shi aka jiƙa aka cuɗa aka danne da zafi, sai ya sarƙe ya zama kakkauran ƙyalle irin na hular dara, wanda ruwa ba ya ratsawa kuma ba ya lanƙwashewa. Tun ƙarshen ƙarni na 14 mawaƙin Ingila Chaucer ya siffanta wani attajiri sanye da irin wannan hula. Zuwa ƙarni na 16 an daina wahalar cewa "hular kaza," sunan dabbar kaɗai ya wadatar, kamar yadda za ka ce wane ya sha shadda ba sai ka ce riga ba. Saboda haka in ka ga mutumin 1700 ya cire *beaver* ɗinsa ya gaida wata, hula ya cire.

Hular nan ta kusa ƙarar da dabbar. A Birtaniya an farauce ta har ta ƙare tun wajen ƙarni na 16, sai a 2009 aka fara mayar da ita a hukumance a dajin Knapdale na Sukotlan. Da ta yi wuya a Turai, fatake suka juya Arewacin Amurka. A 1670 Sarki Charles na Biyu ya ba kamfanin Hudson's Bay izinin ciniki a can, kuma tambarin kamfanin yana ɗauke da dabbar har guda huɗu. Wani abin da ke burge ni: fatar da masu hula suka fi so ita ce wadda 'yan asalin ƙasar suka riga suka sa a jikinsu na tsawon lokaci, domin dogon gashin ya zube, mai laushin ya rage a shirye. Tsohuwar riga ta fi sabuwa daraja. A kan wannan ciniki aka yi ta gwabza yaƙi a ƙarni na 17 tsakanin ƙabilun Irokwa, 'yan asalin ƙasar, da Faransawa da ƙawayensu, har aka yi sulhu a Montreal a 1701, kuma da sunan dabbar ake kiran yaƙe-yaƙen a littattafan tarihi.

Daga nan katin kuɗi ya fito. Kamfanin ya mayar da lafiyayyar fata ɗaya ta babbar dabba, wadda aka kama da hunturu, ta zama ma'aunin komai, ana ce mata *Made Beaver*. Bindiga, bargo, tukunya, gatari, kowanne da adadinsa. Daga baya har kwandalolin tagulla aka buga da wannan ma'auni. In kana karanta tsohon lissafin kamfanin ka ga an ce kaya ya kai *beaver* goma, farashi ake nufi, ko da babu fata ko ɗaya a wurin. Mu ma haka ta faru da mu, kalmar kuɗi jam'in wuri ce, kuma mun ci gaba da faɗarta bayan wuri ya bar kasuwa.

Hular siliki ta ture ta gashi a shekarun 1830 da 1840, cinikin ya faɗi, dabbar ta samu sa'ida. Sunan dai ya riga ya zauna a Kanada. Kan sarkinta na farko a 1851 hoton dabbar ne, tana kan kwandalar santi biyar tun 1937, a 1975 kuma majalisa ta tabbatar da ita alamar ƙasa.

Reshe na ƙarshe daga halinta ya tsiro. Mai ganin yadda take kwana tana jan itace dole ya buga misali da ita wajen aiki. *Eager beaver* ta yaɗu a bakin sojojin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana faɗa wa sabon shiga mai neman burge na gaba. Lura, akwai ɗan zambo a ciki, ba yabo ba ne zalla. *Beaver away* ta mutanen Birtaniya ce, duƙufa a kan aiki, ita babu zambo.

8. Katunan fensir

Saura biyu a hannunka. A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila sun riƙa kiran mai gemu da wannan kalma, har a farkon shekarun 1920 aka yi yayin wani wasa, wanda ya riga hango mai gemu a titi ya ƙwala kiran kalmar ya ci maki. Masana sun rabu a kan gidan da wannan kati zai shiga. Wasu sun kai shi gidan dabba saboda gashi, wasu gidan kwalkwali tunda farantin a haɓa yake zama. Ajiye shi a tsakanin gidajen biyu, ka rubuta duka ra'ayoyin da fensir. Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya zaɓi labarin da ya fi daɗin ji ya mayar da shi gaskiya.

Na biyu ma'anar batsa ce, ana nufin al'aurar mace, an fara ganinta a rubuce a shekarun 1920. Kada kunya ta sa ka tsallake wannan kati. Mai fassara da bai san ta ba zai iya sa wa shiri ko kaya suna ya jawo wa mai aikin abin kunya. Ta yi ƙarfin da kwalejin Beaver ta jihar Pennsylvania, a Amurka, da ta zama jami'a a 2001, ta sauya suna zuwa Arcadia. Mujallar tarihin Kanada da kamfanin Hudson's Bay ya kafa a 1920 da sunan dabbar ita ma ta sauya suna a 2010, domin matatun intanet na makarantu da na imel suna toshe ta.

9. Ware sunaye, ka leƙa maƙwabta

In ka ga kalmar da babban baƙi a tsakiyar jimla, tsaya. Tana iya zama jirgin sama ƙirar Kanada da ya fara tashi a 1947, ko rukunin ƙananan 'yan sikawut, ko laƙabin jihar Oregon ta Amurka, ko sunan da Turawa suka sa wa al'ummar Dane-zaa ta yankin kogin Peace a Kanada. Suna ba a fassara shi, bayani ake ƙara masa. Wani lokaci kuma tana ɓuya a cikin sunan gari, kamar Beverley a Ingila da Biberach a Jamus.

Wanda ya yi boko da Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar da Cadi da Kamaru, *castor* ya sani. Wannan daga Girkanci ta bi ta Latin ta ture tsohuwar kalmar Faransanci *bièvre*. A 1758 masanin halittu Linnaeus ya haɗa biyun ya sa wa irin na Turai suna *Castor fiber*. Daga *castor* aka samu sunan wani maiƙo mai ƙarfin ƙamshi da dabbar ke fitarwa kusa da gindin jela, wanda aka daɗe ana sa shi a magani da turare. Amma *castor oil* da ake sayarwa a kemis man zurma ne, na tsiro, babu dabba a cikinsa. Na sha gyara wannan a fassarar takardun magani. A Larabci kuwa *ƙundus* za ka nema.

10. Koma kan jimlarka, ka zaɓi Hausa

Ɗauko katin farko. Cire duk ma'anar da shekararta ta zo bayan shekarar jimlar, sannan ka cire wadda ba ta dace da wurin ba. Yawanci ɗaya ce za ta rage.

In dabbar ce, guji kiranta karen ruwa, domin wannan sunan wata dabba ce dabam mai cin kifi, ita kuwa tamu ɓawon itace da ganye take ci. Guji ɓeran ruwa ma, yana ƙanƙantar da ita a idon mai karatu. Ni nakan rubuta biba, in bi ta da bayani sau ɗaya a farkon ambato: wata dabbar ruwa dangin gyazbi, mai faffaɗar jela, da ke datse rafi da itace. Daga nan biba kawai. In misalin aiki ne, bar dabbar a can inda take, ka ɗauko namu: agogo sarkin aiki ga mai ƙwazo, mai rawar kai ko mai zaƙewa ga *eager beaver*, ya duƙufa ga *beaver away*. In hula ce, ka ce doguwar hular gashi irin ta attajiran Turai. In lissafin fatake ne, ka ce ma'aunin fata ɗaya.

Ɗalibar tawa ta zauna da katunanta a tabarma kusan awa biyu. Ta ajiye na hula a gefe tunda sarkin cikin shigar yaƙi yake, ta cire na gemu da na himma tunda shekarunsu sun zo bayan ta jimlar, ta riƙe guda ɗaya. Ta goge layin farko ta rubuta: "Na gan ta mana, ranka ya daɗe, ai murfin kwalkwalinsa a ɗage yake."